Na Bi Kurar Challawa Har Damagaram

Abokaina na majalisar bakin masallaci sun ishe ni da tambaya. Duk wanda ya ji an ce na taɓa tsallaka iyaka a kan maganar kura, sai ya jawo tabarmarsa kusa ya ce in ba shi labari. In na fara wani ya katse ni da abin da shi ya ji, kafin in kai Daura a kira salla, in an idar kuma a ce in koma farko. To yau ga shi gaba ɗaya, daga tashi har sauka. Ku huta, ni ma in huta.

A shekarun da masana'antun Kano ke aiki ba dare ba rana, ina aiki a wani kamfanin jimar fata a Challawa, a ɓangaren injin da ke kankare tsoka daga jikin ƙirgi. Aiki ne mai wari. In ka shiga bas bayan an tashi, ba sai ka faɗi inda ka fito ba, hancin kowa ya riga ya gaya masa. Mai gadin ƙofarmu shi ne Malam Isuhu, mutumin ƙasar Damagaram, dogo, marar yawan magana, kullum carbi a hannu. Ya daɗe a Kano har 'ya'yansa ba su san wani gari ba sai Panshekara. 'Yarsa Rakiya ce ke kawo masa abinci. A nan na gan ta, a nan muka daidaita. Manya sun shiga maganar, an kai gaisuwa, saura sa rana.

Wata safiya da jijjifi, 'yan aikin dare na shirin fita, masu koko da ƙosai sun fara jera kwanuka a bakin ƙofa, sai aka ga kura a filin da ake shanya fatu. Kura sosai, ba kare ba, kuma mutane da yawa sun gan ta. Ɗaya mai gadin namu maharbi ne, ya ɗana baka ya sakar mata kibiya, ta same ta a ƙafar baya. Ta ja ƙafa ta shige bayan ɗakin gadi. Aka ji gurnani da kokawa. Da mutane suka yi ta maza suka matsa da sanduna, ba kura ba alamarta. Sai ga Malam Isuhu ya fito daga lungun yana ɗingishi, wandonsa jiƙe da jini. Aka tambaye shi, ya ce faɗuwa ya yi a kan ƙarfe.

Kafin azahar labari ya gama Challawa: mai gadi rikiɗa yake yi. Da ya isa Sharada sai aka ce an hangi wutsiya a ƙarƙashin rigarsa. A Bompai kuwa cewa aka yi Bature ne ya harbe shi da bindiga, harsashi ya zama ruwa. Aka fara jifan gidansa. Mahauci ya ƙi sayar wa matarsa nama, maƙwabta suka daina ɗibar ruwa a rijiyarsu. Bai yi gardama da kowa ba. Ya kai iyalinsa gidan wan matarsa a Kumbotso, ya hau mota ya tafi garinsu. Tafiyar kuma ta zama hujja, aka ce ai marar gaskiya ko cikin ruwa gumi yake.

Inna, mahaifiyata, ta kira ni ɗaki.

"Habu, maganar auren nan ta tashi. Ba zan goya jika mai jinin kura ba."

Na ce, "Inna, kun fa san Malam Isuhu. Kullum yana sahun gaba."

"Sahun gaba da rana. In duhu ya yi wa ya san sahun da yake bi?"

Ban ja da ita ba. Na roƙe ta izini in je in gan shi, in ga danginsa, in dawo in faɗa mata abin da na tarar. Ta dube ni ta ce, "Kai ai so ya rufe maka ido, ko kura ta yi maka sallama amsawa za ka yi. In za ka tafi, sai dai da Sule. Abin da ya gani da idonsa shi zan kama."

Kawu Sule ƙanenta ne, dillalin fata, gajere mai tumbi, mutumin kirki. Aibinsa ɗaya: tun da nake da shi ban taɓa ganin an kawo masa jita-jita ya mayar da ita ba. Da na ji shi ne shaidata, na san an ɗaure ni da igiya mai kauri. Amma ni ban yi shakka ko kaɗan ba. Na yi shekaru ina cin abinci kwano ɗaya da Malam Isuhu, na san mutum ne.

Na je Kumbotso na yi wa Rakiya sallama. Ta rame. Ta faɗa mini sunan ƙauyensu, Dogon Marke, gabas da birnin Damagaram, ta ce ita ma ba ta taɓa zuwa ba, kuma babanta ba ya zancen danginsa sai wani ƙane da ake kira Mati. Da zan tafi ta ce, "In ka same shi, ka ce masa mu ba ma jin kunyarsa." Na nemi hutu wurin foman na ce zan je duba marar lafiya. Ya sa mini hannu yana murmushi, ya ce, "A gai da mai wutsiya."

Muka kama hanya da sassafe a kiya-kiyar Daura. Kawu ya ɗauro layu a damtse, ya rataya wata babba a wuya, ya riƙo gora kamar mai zuwa farauta. Ba mu wuce Kazaure ba aka fara hirar dabbobi. Wata Hajiya mai fataucin atamfa ta rantse cewa a wata masaƙa ta Bompai ana sa maciji a kowane dilan atamfa don tsaron dukiya, har ya sari wata amarya ranar da aka buɗe lefenta. Wani fasinja a kujerar baya ya ce shi a masaƙa yake aiki, abin da ya sani shi ne an taɓa samun maciji a motar auduga da ta zo daga ƙauye, lebura suka kashe shi, shi ke nan. Hajiya ta waiwayo ta ce, "Kai ai an toshe maka baki da albashi." Kawu ya gyaɗa kai, ya raɗa mini cewa matar nan ta san duniya.

A Daura muka ci tuwon dawa a bakin tasha, muka canja mota. Wadda ke zuwa iyaka ƙaramar a-kori-kura ce, an cika ta da buhunan sukari da mutane da akuya biyu. Kawu ya ce ko don sunanta ya yarda da motar nan. Bai san akuyar da ke bayansa ta ƙyalla ido a kan layar wuyansa ba. Gyangyaɗi ya ɗauke shi, ita kuwa ta yi ta tauna igiyar a hankali har ta kai ga fatar. Da ya farka ya shafa ƙirji ya ji wayam, ya juya ya ga saura a bakinta, ya yi salati da ƙarfi har direba ya taka birki. Ya ce wannan ba akuya ba ce, aiko ta aka yi. Mai akuyar, wani Bafillace, ya ce, "Aiko ta aka yi kasuwar Matamaye, Alhaji, ba wurinka ba." Da ƙyar na hana Kawu komawa Kano daga nan.

A Kwangwalam, ɓangarenmu na iyaka, ba a ɓata mana lokaci ba. Aka leƙa jakunkuna aka ce mu wuce. A Ɗan Barto ne muka ga wani tsari daban. Mun isa rana tsaka, muka tarar an saukar da sandar tare hanya, ofis a rufe. Aka ce jandarmomi sun shiga hutun rana, sai ta yi sanyi za su fito. Mu da muka saba injin ba ya tsayawa sai in wuta ta ɗauke, abin ya ba mu mamaki: hukuma guda ta tafi ta kwanta! Su kuwa mutanen wurin ko a jikinsu. Kowa ya nemi inuwa ya miƙe. Muka yi salla, muka sayi fura. Su *hura* suke cewa, kuma tasu ta fi tamu kauri da gero, ƙwarya ɗaya ta riƙe ka wuni guda.

Direba ya ja mu gefe ya koya mana ladabi. Ya ce in mun shiga gaban jandarma mu cire hula, mu ce masa *mushe*.

Kawu ya zaro ido. "In kira mutum mai rai, mai bindiga a kugu, mushe? Kai yaro, so kake a ɗaure ni a ƙasar mutane?"

Direba ya ce a nan girmamawa ce, kamar ka ce ranka ya daɗe, har malamin makaranta haka ake kiransa. Kawu ya ce ko za a yanka shi ba zai faɗa ba. Da muka shiga sai ya durƙusa ya ce, "Allah ya ja zamanin soja." Jandarman wani siriri ne mai gashin baki, Hausarsa ta fi ta Kawu kaifi. Ya juya takardar harajinmu gaba da baya, ya ce, "Mi ya kawo ku?"

Na ga bakin Kawu ya fara haɗa kalmar kura, na yi wuf na ce, "Neman aure, mushe."

Ya ɗago kai. "Matan Kano duka sun ƙare?"

Na ce yarinyar tana Kano, uban ne ke nan. Ya yi dariya, ya buga hatimi, ya ce in an ɗaura a aiko masa da goro.

Daga nan hanya ta tsuke, rairayi ya yawaita. Muka wuce Matamaye, aka sauke akuyoyin, Kawu ya bi su da harara. Muka wuce Takeita. Rana na shirin faɗuwa muka shiga Damagaram, muka nufi unguwar Zango, gidan Alhaji Laminu, wani fatoma da ke saukar da fataken fata, wanda Kawu ya sani ta hanyar ciniki. Ya karɓe mu hannu biyu. Aka ba mu ɗaki a zaure na biyu, aka kawo tuwon gero da miyar kuka, sai wani abu da suke kira tukuɗi, gero da dabino da cuku a daka tare. Ban taɓa cin abin da ya kai shi daɗi a bakin matafiyi ba. Da safe aka kawo burodi dogo siriri mai tauri, Kawu ya ɗaga shi ya gwada da gorarsa, ya ce da ya sani da bai wahalar da kansa ya ɗauko sanda ba. Wani Buzu da ke kwana a gidan ya dafa mana shayi a ɗan ƙaramin buta. Kofin farko ɗaci kamar maɗaci, na yi niyyar ajiyewa, Alhaji Laminu ya taɓa ni ya ce a nan ba a tashi sai an sha na ƙarshe, shi ne mai zaƙi.

Hausarsu tamu ce, amma sai ka kasa kunne. *Lahiya* suke cewa, *tahi* suke cewa. Makaranta *lakwal* ce. Asibiti kuwa *likita* suke kiransa, ginin kansa, ba mutumin ba.

Da Alhaji Laminu ya ji a Challawa nake aiki, sai ya ajiye kofinsa ya matso.

"Ashe kai ne za ka gaya mini gaskiya. Kadan nan da ke cikin lambatun kamfanin fata, har yanzu ana ba shi mutum duk shekara?"

Na ce wane kada?

Ya ce kowa a Zango ya sani. Akwai wani ƙaton kada a ƙarƙashin injuna, in ba a jefa masa lebura ba injin ba ya tashi, har ya taɓa haɗiye wani Bature injiniya da hularsa. Fatake ne suka kawo labarin, kuma saboda shi ya hana ɗansa zuwa Kano neman aiki.

Na san tushen wannan, domin a gabana aka yi. Wata damina ce guza ya biyo ruwa daga kogin Challawa ya maƙale a lambatunmu. Baturen da ke gyaran inji ya leƙa, ya firgita, santsi ya kwashe shi ya faɗa ciki har wuya. Muka ciro shi, hularsa ce kawai ta tafi. Guzan kuma wasu lebura suka gasa shi a bayan katanga. Da na ba su wannan labarin, Kawu ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Kai, mutanen Damagaram! Guza ya zama kada? Komai aka gaya muku sai ku yarda?" Na dube shi, na dubi layun da suka rage a damtsensa. Shi kuwa Alhaji Laminu bai gamsu ba. Ya ce mai yiwuwa guzan ɗan aiken kadan ne.

Ranar kasuwa muka samu babbar mota mai zuwa gabas, daga inda ta sauke mu muka hau amalanken shanu. A bakin rijiyar Dogon Marke na tambayi wasu dattawa gidan Malam Isuhu. Suka dubi juna. Na ce wanda ya dawo daga Kano da ciwon ƙafa.

"Af, Isuhu na gidan Sarkin Gardawa! Ga shi can, gidan da ke da dogon shinge."

Gardawa dai su ne masu yawo kasuwa-kasuwa da kura a sarƙa, suna wasa da ita suna sayar da magani. Kawu ya tsaya cak. Ya ce, "Habu, ka ji ko? Gidan kuraye ne. Shaida ta ƙare, mu juya." Na ce Inna cewa ta yi abin da ya gani, ba abin da ya ji ba. Ya biyo ni yana karanta duk addu'ar da ya haddace.

Mun same shi kwance a rumfa, a kan tabarma. Na kusa kasa gane shi. Ya zabge, idanu sun faɗa, ƙafar an naɗe ta da tsumma, ƙuda na bi. Da ya gan ni ya yunƙura zai tashi, na durƙusa na riƙe shi.

"Habu? Kai ne a nan?"

"Ni ne, Baba. Ga kuma Kawu Sule, Inna ce ta turo shi."

Muka gaisa. Kawu ya zauna can bakin shinge, aka kawo ruwa ya ce yana azumi, alhali da safe tare muka karya. Na isar da saƙon Rakiya kamar yadda ta faɗa. Malam Isuhu ya juya fuska wajen zana, ya daɗe bai juyo ba.

Ana cikin haka sai wani kuka ya tashi daga bayan gida, irin wanda ke farawa ƙasa-ƙasa ya ƙare da sheƙa kamar dariya. Kawu ya miƙe tsaye. Wani ƙaƙƙarfan mutum ya shigo, da warki da guraye a kugu, da kambuna har gwiwar hannu, kamarsu ɗaya da Malam Isuhu. Shi ne Mati. Da aka gaya masa ko mu su waye, ya zauna a ƙasa, ya ce, "Yaya, in ba ka faɗa musu ba, ni zan faɗa."

Malam Isuhu bai hana shi ba, Mati ya faɗa.

Ya ce da rani ya shiga ƙasar Kano da kurarsa yana wasa a kasuwannin ƙauye. Ya sauka a wani kango kusa da kogin Challawa. Ciyar da kura ba wasa ba ne, sai wansa ya riƙa tara masa tsokar da injinmu ke kankarewa, wadda ake zubarwa a juji, yana miƙa masa ta bayan katanga. Kura ta san warin, ta san hanyar. Ranar da abin ya faru ta tsinke sarƙa ta bi hancinta, ta shiga ta ramin lambatu. Da kibiya ta same ta ta gudu bayan ɗakin gadi, Malam Isuhu ya san in ta juyo cikin masu koko za a yi ɓarna. Ya fizgi ɗanyen ƙirgi ya rufa mata, ya danne ta. Ta kama shi a sha-raɓa. Mati na biye da sawunta, ya shigo ta ramin, ya sa mata takunkumi ya ja ta suka fice kafin mutane su matso.

Na ce, "Baba, me ya hana ku faɗa?"

Ya ce, "In na faɗa, 'yan sanda su harbe ta, su ɗaure Mati, ba shi da takarda ko ɗaya. Dabbar nan ita ce gonarsa, ita ce abincin gidan nan duka. Kuma ni tun ina saurayi na bar sana'ar ubana na tafi karatu. A Kano in ka ce kai ɗan gardawa ne, wa zai ba ka tsaron ƙofarsa? Wa zai ba ɗansa 'yarka? Na ɗauka in na yi shiru maganar za ta mutu. Ashe shiru taki ne."

Kawu ya yi gyaran murya daga bakin shinge. "Malam, magana ta yi daɗi. Amma ni an aiko ni in gani. Ina so in ga kurar, in gan ka, lokaci guda, kowa da jikinsa."

Mati ya yi dariya ya tashi. Ba a jima ba ya dawo janye da ita, da takunkumi a baki. Ban taɓa ganin kura kusa haka ba: wuya kamar turmi, baya a zube, wari ya fi na kamfaninmu. Ya juya ta ya nuna mana cinyarta, ga tabon kibiya ya fara warkewa. Malam Isuhu ya kwance tsumman ƙafarsa. Ba ramin kibiya ba ne. Sawun haƙora ne a jere, sama da ƙasa, naman ya kumbura ya yi baƙi.

Kawu ya matso a hankali. Ya dubi kura, ya dubi Malam Isuhu, ya sake duban kura. Ya sunkuya zai ƙara duba tabon, sai ta yi wata girgiza ta ja sarƙa. Ban san mai tumbi na iya tsalle haka ba. Kafin in kifta ido Kawu na kan rumbu, hula a ƙasa, gora a wani wuri. Matan gidan suka yi ta dariya a bayan zana, har Malam Isuhu sai da ya murmusa.

Da aka sauko da shi ya sha ruwan da ya ƙi ɗazu, ya tambayi Mati tsakani da Allah ko akwai mutumin da ke zama kura.

Mati ya ce, "Alhaji, a gidan nan aka haife ni, kakana ma da kura ya ci abinci. Ban taɓa gani ba. Amma in na shiga kasuwa, ni da bakina nake cewa da dare ni da ita ba a bambance mu. In ban faɗi haka ba wa zai sayi layata? Tsoro muke sayarwa, maganin kyauta ne."

Malam Isuhu ya ce, "To ga shi abin da kake sayarwa ya biyo ni har gida ya cinye."

Mati ya sunkuyar da kai. Aka kira la'asar, muka tashi salla.

Ni abin da ya dame ni ƙafar ce. Ana ta shafa mata saiwoyi, amma warin da ke fita na san shi, irin na fatar da gishiri bai kama ba ne. Na ce gobe sai likita. Mati ya ce cizon kura ba ya jin maganin Bature, Malam Isuhu ya ce a bar wa Allah. Na ce, "Baba, ban zo daga Kano don in koma wa Rakiya da ta'aziyya ba." Kawu ya goyi bayana, ya ɗaga murya kamar yana ciniki a kasuwa, har suka sakko. Da safe aka kawo amalanke, amma ba ta iya shiga lungun gidan. Kafin mu yi shawara Kawu ya tuɓe babbar riga, ya durƙusa, ya ce a ɗora masa shi. Mutumin da jiya ya ƙi zama tabarma ɗaya da shi, shi ya goya shi har bakin hanya, yana haki yana cewa, "Riƙe ni da kyau, Malam, kada ka ji komai."

A asibitin Damagaram suka ce da an ƙara jinkiri da sai an yanke ƙafar. Suka kwantar da shi. Alhaji Laminu ya ɗauki nauyin kai masa abinci, Mati ya zauna jinya. Mu kuma muka sayi alkaki na tsaraba muka juyo. A Ɗan Barto Kawu ya cire hula ya ce wa jandarman nan *mushe* da ƙarfinsa, har sau biyu.

Mun iso gida Inna na tsakar gida tana tankaɗe. Ba ta dube ni ba, ƙanenta ta duba.

"Sule, me ka gani?"

"Yaya, na ga kura, na ga Isuhu, kowa da ƙafarsa, kowa da ciwonsa. Wanda ya ce mutum ɗaya ne ya zo ya same ni. Mutumin nan jikinsa ya sa ya tare dabba don kada ta faɗa wa mata, mu kuma muka saka masa da jifa."

Ya kwashe labari duka ya faɗa mata, sai dai ya tsallake zancen rumbu. Inna ta ajiye rariya. Ta ce, "Gardi dai ɗan Adam ne." Washegari ta yafa mayafi, ta ɗauki goro da alkakin da muka kawo, ta tafi Kumbotso da ƙafarta.

Malam Isuhu ya dawo bayan ya warke, yana ɗan jan ƙafa. Kamfaninmu ya riga ya ɗauki wani, amma ya samu gadi a Bompai, a nan ya yi aiki har ƙarfinsa ya ƙare. Shi ya ba da auren Rakiya da bakinsa. Kawu Sule kuwa ya zama mai shela, duk rumfar da ya zauna sai ya ba da labarin nan, kuma kurar tana ƙara girma a bakinsa kowace shekara.

Kada ku ɗauka gaskiya ta kashe maganar. Bayan shekaru na koma aiki Sharada. Wata rana ina shan shayi a bakin ƙofar kamfani, wani sabon ma'aikaci yana ba mutane labarin mai gadin Challawa da ke rikiɗa. Ya ce har akwai wani saurayi mai son 'yar mutumin, ya bi shi Nijar shi da kawunsa, har yau ko takalminsu ba a gani ba.

Na kurɓi shayi na ce, "Ni ne saurayin."

Ya dube ni daga sama har ƙasa. Ya ɗauki kofinsa ya matsa can ƙarshen benci, ya rage murya ya ce, "To Malam, kai ɗin ne ka dawo, ko kuwa?"

Na ce ya zo gida ya tambayi mai ɗakina, tuwon dare na nan in yana da zuciya. Har yau bai zo ba.